Mai Guduma Ya Fara Daga Wutsiyar Jirgi

Mijin yayata bai taɓa iya zama wuri ɗaya ba. In ka ba shi kujera sai ya ɗosana a bakinta, hula a gwiwa, ido a ƙofa, kamar wanda ya bar tukunya a wuta. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aiki a tashar jirgin ƙasa. Ni kuma na yi sha tara daga cikinsu ina akawu a ofishin kaya, tagata tana kallon layin da yake bi. Saboda haka yawancin abin da zan faɗa a kansa da idona na gani, sauran kuwa daga bakin yayata na ji, ita kuma ba ta ƙara gishiri.

Aikinsa yanzu babu shi, na'ura ta karɓe. A wancan zamanin, duk jirgin da ya tsaya a tasharmu ba ya tashi sai an buga ƙafafunsa. Mutum biyu ne ke yi, ɗaya a kowane gefe, kowa da guduma mai doguwar ƙota. Sukan fara daga kan jirgi su bi har wutsiya, suna buga kowace ƙafa sau ɗaya. Ƙafa mai lafiya takan yi ƙara mai tsawo, kamar ƙararrawa. Wadda ta tsage a ciki kuwa, ko da ido bai ga komai ba, muryarta takan mutu nan take: kwaf, shi ke nan. In an ji haka sai a zana mata alli, a cire taragon daga jirgi, don ƙafar da ta tsage in ta fashe cikin gudu, ba tarago ɗaya take kayarwa ba.

Daga wannan aiki ya sami sunan da kowa ya san shi da shi, Mai Guduma. Abokin aikinsa na ɗaya gefen kuwa Gajere ake ce masa, mutum mai fara'a da baki kamar kwando. Kullum Gajere ne ke riga shi kai wutsiya, ya jingina da gudumarsa yana jira.

"Dattijo, ƙafar nan gaisawa kake yi da ita? Ka tambaye ta iyali kuma?"

"Kai dai bugu ka iya," in ji Mai Guduma. "Jaki ma in an ɗaura masa guduma zai buga. Aikin yana cikin tsayawar da ke bayan bugun."

Haka kuwa yake yi. Ya buga, ya tsaya, ya karkata kai, sai ƙarar ta ƙare sarai sannan ya ɗaga ƙafa. Daga tagata nakan gane shi ne ko ban ɗaga ido daga takarda ba, saboda shirun da ke tsakanin bugu da bugu.

Wannan hali bai bar shi a tasha ba, da shi yake zuwa majami'a. Dattijon ikilisiya ne, kuma in ya gaishe ka ba ya sakin hannunka sai ya ji yadda amsarka ta fita. Akwai wani tela a cikinmu da ya yi wata uku yana zuwa sujada yana murmushi, ba wanda ya san matarsa ta kwashe kayanta, shi kuma ya koma kwalba. Mai Guduma ne ya gano, daga gaisuwa kawai. Ya ce wa Fasto, "Ya ce mini lafiya lau, amma lafiyar ba ta yi ƙara ba." Ya bi telan har shagonsa, ya yi ta zuwa har aka sasanta. Tun daga nan in ya doso taro sai ka ji ana cewa, "Ga Mai Guduma nan, kowa ya gyara ƙafarsa."

Ya sha gaya mini cewa shi ba babban zunubi yake tsoro ba, don babban zunubi da sallama yake zuwa. Gyangyaɗi yake tsoro. A ganinsa Kirista ba ya faɗuwa rana ɗaya. Sabo ne ke lallaɓa shi, yana zuwa sujada, yana waƙa, yana cewa amin, alhali ya daɗe da yin barci a tsaye. Ko addu'ar safe ba ya durƙusawa. Wai ya taɓa durƙusawa yana saurayi, ya kifa goshi a bakin gado, bai farka ba sai da rana ta fito. Tun ranar a tsaye yake yin addu'arsa, a tsakar gida, hannu a baya, kamar soja.

Yana da shekara hamsin da takwas zazzaɓi mai zafi ya kwantar da shi mako uku. An yi masa allurai da yawa, ya tashi, ya rame, ya koma aiki. Saura shekara biyu ya yi ritaya. Gidan da suke ciki na hukumar jirgi ne, ɗaki uku da famfo a tsakar gida, 'ya'yansa biyu na ƙarshe kuma suna makaranta.

Mako guda da komawarsa na lura da wani abu ta taga. Jirgin safe ya tsaya, Gajere ya nufi kan jirgi kamar kullum, shi kuwa Mai Guduma ya juya ya nufi wutsiya. Daga can ya fara, ya taho gaba. Suka haɗu a tsakiya, tarago yana tsakaninsu, suka wuce juna.

Gajere ya leƙo ta ƙarƙashin tarago. "Dattijo, zazzaɓin ya juya maka gabas da yamma ne?"

Babban makaniki, wanda shi ne shugabansu, shi ma ya fito ya tambaya. Ina tsaye a bakin ofis na ji amsar da kunnena.

"Ranka ya daɗe, shekara ashirin da tara ina bin hanya ɗaya. Ƙafa in ta saba hanya, kunne yakan yi barci. Na juya ne don in farka."

Babban makaniki ya jinjina kai. Ya ce da ma'aikatansa duka haka suke, da ya huta. Maganar ta zaga tasha, ta fita ta shiga gari. Ni kaina na maimaita ta a wurare biyu ko uku, ina alfahari da surukina.

Ba mu san cewa zazzaɓin ya tafi da kunnensa na hagu ba. In ya fara daga kan jirgi, jirgin yana hagunsa, wato mataccen kunnen ne ke fuskantar ƙafafun. In ya fara daga wutsiya, jirgin yana damansa. Dalilin ke nan, babu wani.

Da abin ya tsaya a tasha, wataƙila da ya iya haɗiye shi. Amma wata Lahadi Fasto ya hau mumbari zai yi wa'azi a kan zama a faɗake. Fastonmu na lokacin matashi ne, mai ƙwazo, yana son misali daga rayuwar mutane. Ya ce ba sai mun je nesa ba, ga wani ɗan'uwa a cikinmu da ya ji tsoron kada sabo ya sa shi barci, har ya juya aikinsa na shekara da shekaru ya fara daga wutsiya. Ya ce kowa ya koma gida ya tambayi kansa wace hanya ce ƙafarsa ta saba har kunnensa ya daina ji. Bai ambaci suna ba, amma majami'a duka ta waiwayo. Mata suna ta gyaɗa kai. Wani ya ce amin da ƙarfi.

Ina benci ɗaya da shi. A 'yan makonnin nan ya sauya wurin zama, ya koma ƙarshen benci ta yadda damansa ke kallon mumbari, don haka ya ji kowace kalma. Na ga zufa tana bin bayan kunnensa tana shiga wuyan riga. Na ɗauka kunya ce irin ta mai tawali'u. Da aka tashi bai tsaya gaisawa ba, ya bi ta ƙofar gefe ya tafi.

Daga nan rashin zamansa ya zama wani abu dabam. Da can kamar mai jiran baƙo yake, yanzu ya zama kamar wanda ake bi. Ya daina ziyarar mutane, wai gajiya. In an gaishe shi sai ya amsa da sauri ya saki hannu. Yayata ta ce in ya dawo aiki ba ya cin abinci sai ya zaga tsakar gida ya fi a ƙirga. Ta sha kama shi a ɗaki shi kaɗai yana buga cokali a jikin kofi, ya kai kofin wannan kunne, ya kai wancan. In ta shigo sai ya ce tsaga yake dubawa. Addu'ar safe tana nan, a tsaye kamar kullum, amma ta gajarce. Da yakan yi shiru mai tsawo bayan ya gama magana. Yanzu yana cewa amin yana neman takalmi.

Haka aka yi wata takwas.

Wata Alhamis da rana yayata ta zo ofishina, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta rufe ƙofa da kanta, ta ƙi zama.

"Auta, mijina ya kurmance."

"Haba Yaya, wane irin kurmancewa? Mutumin da ke jin tsagar ƙarfe?"

"Ni nake kwana da shi ko kai? Na hagun ya mutu tun zazzaɓi. Yanzu na daman ma ya fara bin ɗan'uwansa. Jiya na yar da faranti a bayansa, da gangan, kaza ta firgita ta tashi sama, shi ko waiwayowa bai yi ba."

"Kin yi masa magana?"

"Na yi. Ya ce muryata ce ta shaƙe. Shekara talatin da huɗu ana cewa muryata ta cika gida, yau ita ce ta shaƙe." Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, sannan ta dubi taga. Jirgin rana yana tsaye, yara sun leƙo da kawunansu ta tagogi. "Ka ga waɗancan? Ni su nake gani in na rufe ido. Ka yi masa magana. Kai yana wasa da kai, wataƙila ya ji ta bakinka."

Na same shi washegari lokacin hutun rana, a inuwar tankin ruwa, yana tsaye yana cin abincinsa. Na zagaya ta damansa da gangan. Ya lura da zagayawar, fuskarsa ta sauya.

"Malam Akawu, yau alƙalami ya sake ka?"

"Yaya, kunnenka."

"Me ya sami kunnena? Yayarka ce ta aiko ka? Ita da ke magana cikin zani."

"In lafiyarsa lau, me zai hana mu gwada?"

Ya rufe kwanon abincin. Ya duba gabas, ya duba yamma, ya yi taku uku ya dawo. Na ɗauka zai fatattake ni. Sai ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Gobe Asabar. Ƙarfe huɗu. Mataccen layi."

Mataccen layi wani guntun layi ne a bayan rumbun kaya, ciyawa ta rufe rabinsa. Nan ake jera ƙafafun da aka cire, kowace da gicciyen alli a jikinta, nan kuma ake ajiye sababbi kafin a ɗaura su. Da na isa na tarar ya riga ni, yana ta kai da kawowa tsakanin ƙarafan. Shi ya tsara gwajin da kansa, dalla-dalla, kamar yadda yake komai. Ya ciro hankici ya ce in ɗaure masa ido. In kama hannunsa in kai shi gaban ƙafa goma, biyar masu lafiya, biyar masu alli, in cuɗa su yadda na ga dama. Shi zai buga ya faɗa.

Na ɗaure masa ido. Ban taɓa riƙe hannunsa haka ba. Tafin kamar fatar ganga.

Ta farko ya buga, ya karkata kai, ya ce lafiya. Daidai. Ta biyu, lafiya. Daidai. Ta uku mai alli ce. Ya buga, ta ce kwaf. Ni da ban taɓa riƙe guduma ba na ji ta sarai. Ya tsaya, ya karkata kai kamar yadda ya saba, ya daɗe.

"Lafiya," ya ce.

Na ja shi gaba. Da muka gama ya kwance hankicin da kansa ya tsare ni da ido.

"Nawa?"

"Masu lafiya biyar, duk ka faɗa daidai. Masu alli biyar, ka kama biyu."

"Uku na wuce."

"Uku."

Sai ya fara. Wai akwai iska. Wai ƙafar da ba ta ɗauke da tarago ba ta ƙara kamar wadda ke ɗauke da shi. Wai hankicin ya danne masa kunne. Wai ai yana ji a hannunsa, ƙota tana gaya masa abin da kunne bai ji ba. Yana magana yana tafiya, ya je ƙarshen layi ya dawo, ya sake zuwa. Na bar shi har hujjojin suka ƙare don kansu.

A nan ne na faɗi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na tuna gidan, na tuna yaran da ke makaranta, na tuna yayata. Na ce, "Yaya, shekara ɗaya da wata huɗu suka rage. Ka samu Gajere a gefe, ku yi shawara. In ya gama nasa ya riƙa zagayowa naka a hankali. Ba sai kowa ya ji ba."

Ya tsaya cak.

"Ka ce me?"

Na matsa kusa na maimaita da ƙarfi. Maganar da aka faɗa a raɗa, in aka sake ta da ihu a fili, muninta yakan fito.

"Wato in ci gaba da riƙe guduma ina karkata kai, wani yana ji a madadina." Ya goge fuska da hankicin. "Akawu, ka san abin da ya fi damuna? Ba kunnen ba. Kunne na Ubangiji ne, ya ba da, ya karɓa. Ranar da maigida ya tambaye ni, ban shirya ƙarya ba. Ita ta fito da kanta, a shirye, da kayan Lahadi. Ni da nake ta gadin ƙofar gaba, ashe ta daɗe a cikin ɗaki." Ya ɗauki gudumarsa ya saɓa. "Je ka gida."

"Me za ka yi?"

"Ban sani ba. Je ka gida."

Ranar Lahadi shi ne ke da addu'ar buɗe sujada. Ya aika a gaya wa Fasto makogwaronsa na ciwo. Ya zauna a ƙarshen benci, ƙafarsa tana ta kaɗawa har bencin yana motsi.

Ranar Litinin jirgin safe ya shigo ƙarfe tara da minti ashirin, tarago goma sha ɗaya, cike maƙil, don makarantu sun buɗe. Na ajiye alƙalami na tsaya a taga. Gajere ya nufi kan jirgi yana fito. Mai Guduma ya fito daga rumfarsu, ya tsaya a tsakiya ya daɗe, sannan ya nufi wutsiya. Na ce a raina, ashe ci gaba zai yi.

Ya buga ta farko, ya karkata kai, ya wuce. Ya buga ta biyu. A ta uku wata mata ta miƙo jariri ta taga don ya sha iska, daidai saman kansa. Ban san ko ya gan su ba. Bai taɓa gaya mini ba, ni ma ban tambaya ba. Na dai ga ya ɗaga guduma, ya riƙe ta a sama, ya sauke ta ba tare da ya buga ba. Ya juya ya nufi ofishin babban makaniki, da sauri, kusan da gudu. Na fita na bi shi.

"Ranka ya daɗe, a riƙe jirgin nan."

Babban makaniki ya miƙe. "Wane tarago?"

"Ba tarago ba ne. Ni ne." Ya ɗora gudumar a kan teburin, a kan takardu. "Ba na ji. Kunnen hagu ya mutu wata takwas da suka wuce, na dama yana binsa. Abin da na gaya maka na farkawa, ƙarya ce. Na juya ne don in ɓoye. A sa wani ya buga gefena."

Babban makaniki mutum ne mai saurin fushi, amma ranar bai ɗaga murya ba. Ya dube shi, ya dubi gudumar, ya dubi agogon bango.

"Wata takwas."

"Wata takwas, ranka ya daɗe."

"Ka san jirage nawa ke nan?"

Mai Guduma bai ji ba. Ya karkato dama ya ce, "Na'am?" Babban makaniki bai maimaita ba. Ya leƙa ƙofa ya ƙwala wa Gajere kira.

An riƙe jirgin minti talatin da biyar. Fasinjoji suka yi ta zage-zage ta tagogi, direba ya sauko yana tambayar wa ya mutu. Gajere ya zagayo ya bi gefen Mai Guduma daga kai har wutsiya, kuma ranar, a karo na farko da na sani, yana tsayawa bayan kowane bugu. Mai Guduma yana biye da shi a baya, hannu wofi, yana kallon fuskarsa maimakon ƙafafun.

Ba a sami ko ɗaya da ta tsage ba. Duk lafiyarsu lau.

Gajere ya dawo yana share zufa. "Dattijo, ka ga? Garau suke. Da ka yi shiru da yanzu jirgi ya yi nisa, kai kuma kana da aikinka." Ya faɗa da ƙarfi don ya ji. Sai ya sassauta, ya dafa masa kafaɗa. "Kai ma dai. Da ka gaya mini."

"Da na gaya maka, da kasuwa ta ji kafin maigida."

"Wannan kuma gaskiya ne," in ji Gajere.

An aika takarda zuwa sauran tashoshi cewa a sake buga duk taragon da ya bi ta wurinmu a watannin nan. Ni na buga takardar da keken rubutu. Ba a taɓa aiko mana cewa an sami wata ƙafa mai tsaga ba. Ko babu, ko an samu ba a gaya mana ba. Wannan rashin sani ya bi shi har ƙarshen ransa. In ya ji an ce jirgi ya yi haɗari a wani wuri, ko a wace ƙasa ce, sai ya tambayi ranar da lambar taragon.

Ba a kore shi ba. An rage masa matsayi aka mai da shi ɗakin fitilu, yana goge gilashi yana gyara lagwani. Gidan mai ɗaki uku na masu matsayinsa na da ne, don haka aka ba su wata guda su koma mai ɗaki biyu a ƙarshen layi, inda famfo ɗaya ne na gida shida. Yayata ta kwashe kayanta, ranar ƙaura ta ce mini, "Gara in yi layin ruwa da in yi layin gawa."

Na ɗauka magana ta ƙare a nan. Amma a makon ya ce in raka shi wurin Fasto, don in riƙa maimaita masa abin da bai ji ba. Ya ce yana so a ba shi minti biyu ranar Lahadi, ya warware wa'azin nan.

Fasto ya rasa inda zai sa kansa. "Baba, ai ka riga ka gyara inda ya kamata. Darasin kuwa gaskiya ne, ko da misalin ya sami matsala. Mutane da yawa sun amfana. Akwai wadda ta ce mini tun ranar ta sauya lokacin addu'arta. Me zai sa mu tayar da ƙura?"

Na maimaita masa a kunnen dama.

"Ɗana," ya ce, "a kan mumbari aka ɗora ta, a gaban kowa. Ina zaune na karɓi amin ɗin da ba nawa ba. In na bar ta a can, kullum na shigo majami'a ita zan fara gani."

Ranar Lahadi bayan sanarwa Fasto ya ce dattijo yana da magana. Ya tashi, bai je gaba ba, ya tsaya a inda yake yana riƙe da bayan benci. Kurma ba ya sanin ƙarfin muryarsa, don haka abin da ya so ya faɗa a hankali ya fita kamar shela.

"'Yan'uwa, mutumin da Fasto ya ba ku labari, wanda ya fara daga wutsiyar jirgi, ni ne, kun sani. Ba don in farka na juya ba. Kunnena ne ya mutu na ɓoye. Wata takwas ina sallamar jirage da mutane a ciki, ban ji ƙafafunsu ba. Wasu a cikinku sun hau. Na yi wa maigidana ƙarya, na bar Fasto ya maimaita ta bai sani ba, na zauna a nan kuna kallona ina karɓa. Shekara da shekaru ina sauraron muryoyinku ina neman tsaga. Ku yafe mini. Wanda kuma ya ga na fara gyangyaɗi, kada ya ji nauyin furfurata, ya taɓa ni, don kira ba zan ji ba."

Ya zauna. Wani jariri ya fashe da kuka a baya.

Fasto ya share murya ya fara magana. Ya ce yau mun ga abin da ya fi wancan misali, mun ga tawali'u, mun ga dattijon da ya zaɓi gaskiya a kan gida da matsayi. Muryarsa ta fara hawa kamar yadda takan yi in wa'azi ya kama shi. Mai Guduma yana kallon bakinsa, ya ga kawuna sun fara waiwayowa kamar wancan karo. Sai ya karkata wajen yayata, a nufinsa raɗa zai yi.

"Uwar yara, me yake cewa? In yabo ne, ki ce masa ya bari!"

Yayata ta rufe fuska da gefen mayafi. Wani a baya ya kasa riƙewa, dariya ta ƙwace masa, sai ta bi benci-benci har gaba. Fasto ya tsaya da hannu a sama, ya sauke shi a hankali.

"Na ji, Baba," ya ce. "Har masu wucewa a titi sun ji."

Ya rufe littafinsa, ya ce mu tashi mu yi addu'a.